Abin da Na Taɓa a Bindigarki

Unguwar Sukra, Sabha.
Ranar Talata, bayan La'asar.

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki gaida mini ƙanwar mahaifiyarki da maigidanta, waɗanda suka ba ki ɗaki a Tarabulus, suka ɗauke mana tunanin inda za ki kwana da abin da za ki ci. Allah Ya saka musu da alheri. Allah Ya tsare ki a hanyar zuwa filin harbi da hanyar dawowa, Ya kare ki daga sharrin ƙarfen da ke hannunki da na hannun waninki.

Labarin gida ki nema wurin mahaifiyarki, ta fi ni iya ba da shi. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Ta gaya mini abin da kika faɗa mata shekaranjiya a waya. Wai kwana goma ke nan da isarki, farantin yumɓu yana tashi, kina harbi, yana wucewa lafiya lau ya sauka da ƙafarsa. Wai ke da kike fasa ashirin da biyu cikin ashirin da biyar a gonarmu ta Zighan, yanzu da ƙyar kike kai sha huɗu. Wai har kin fara tunanin ba ki cancanci tsayawa gwajin zaɓen tawaga da za a yi nan da mako uku ba, gara ki tattara kayanki ki dawo.

Kada ki dawo. Hannunki bai lalace ba, idonki bai lalace ba, iskar teku kuma ba ta da laifi. Ni ne na taɓa bindigarki. Ana gobe za ki tafi, da hantsi, sa'ad da kuka fita sallama da dangi, na kwance ƙotar, na cire 'yar washar da kika saka tsakaninta da jikin bindigar, na mayar da wadda ta zo da ita daga kamfani. Taki tana cikin ɗan ƙunshin da direba zai miƙa miki tare da wannan takarda. Sau biyu na kira ki don in faɗa da baki, sau biyu na ƙare da tambayarki ko ana ruwa a can. Don haka na koma ga alƙalami, tun da shi ba ya jin nauyin kowa.

Zan zo kan yadda za ki gyara. Amma ki daure ki karanta abin da ke tsakani, domin abin da na yi miki ba tsautsayi ba ne. Hali ne da na daɗe da shi, kuma ina so ki san kamanninsa, don ki gane shi idan wata rana ya leƙo a jikinki.

Kin san kakanki ya tura ni Kano ina yaro, wurin ƙaninsa, na yi makarantar fasaha a can. Na dawo nan yankinmu na Fezzan da takardar shaida da akwatin sifana, na yi shekara talatin da ɗoriya ina bin injinan ban-ruwa gona-gona har na yi ritaya. Aikin ya ciyar da mu, na gode wa Allah. Sai dai ya koya mini wani abu da ba gaskiya ba ne: cewa duk ƙarfen da ya zo hannuna yana jiran in gyara shi. Da wannan tunani na sayi bindigar da ke hannunki, tun kina goye, lokacin da mu 'yan tsiraru muke fita bayan gari ranar Juma'a da yamma muna harbin faranti. Abokaina duk masu baki biyu suke riƙewa, waɗanda ake karyawa a tsakiya. Ni na zaɓi mai ɗana kanta, wadda hayaƙin harsashin farko ke tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanko, ya ɗauko na biyu. Na ce musu ta fi sauƙin duka a kafaɗa, kuma haka ne. Amma ainihin dalilina shi ne ta fi yawan abubuwan kwancewa.

Ranar da aka fara shirya gasa a tsakaninmu, na yi mata abin da nake yi wa famfo. Na kwance ta gaba ɗaya, na shafe kowace gaɓa da mai, har fistin ɗin da hayaƙi ke bugawa, har sai da ta riƙa sheƙi. Da muka fita sai gibli, iskar nan mai zafi ta hamada, ta taso da rairayinta. A faranti na bakwai ƙarfen ciki ya tafi baya ya tsaya a rabin hanya, kwanko ya maƙale a ƙofa kamar harshen akuya.

Malam Idi yana wurin. Kin san shi da furfura, mai kula mana da dabino a Zighan, amma lokacin bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, shi ke ja mana igiyar injin jefa faranti. Sa'ana ne, sai dai a wancan zamani ban ɗauke shi wanda zai gaya mini komai a kan ƙarfe ba. Ya sa yatsa a cikin bindigar, ya fito da shi baƙi ƙirin, ya duba, ya ce, "Injiniya, wanga miya ta yi kauri. Tuwon ina shi ke?"

Aka yi ta dariya, ni kaɗai ban yi ba. Mai da rairayi da toƙar albarushi sun haɗu sun zama kwaɓi. Na zauna a inuwar mota har aka gama gasar.

Saboda haka, Uwata, fistin da wurin zamansa a bushe suke aiki. Ki kankare baƙin da ya daskare, ki goge, ki bar su haka. Mai ɗigo ne a kan hanyar da ƙarfen ciki ke zamewa, ki shafa, sannan ki bi da ƙyalle kamar kin yi nadamar sawa. Amma ki lura da wannan: dokar Sabha ce na ba ki. Inda kike yanzu akwai laima da gishiri a iska, abin da ba mu sani ba a nan. Can tsatsa ce abokiyar gaba. Kullum kika dawo daga fili ki bi bayan bindigar da ƙyalle mai ɗan maiƙo, musamman inda tafin hannunki ya taɓa, kuma kada ki bar ta ta kwana a rufe cikin jakarta. Ki tambayi mutanen wurin yadda suke yi. Sun riga ki sanin iskarsu.

Wannan kuskure ya wanku da kananzir. Wanda ya biyo bayansa bai wanku ba.

Harsashin gasa, kamar yadda kika sani, mara nauyi ne, hayaƙinsa kaɗan. Wani lokaci bindigar ta fara ƙin tofar da shi. Ta harba na farko, ta yi shiru a na biyu. A cikin bututun bindigar akwai 'yan ƙananan ƙofofi biyu da hayaƙi ke bi ya sauka kan fistin. Na zauna na cika shafi uku da lissafi, na tabbatar wa kaina cewa waɗanda suka ƙera ta sun yi rowar faɗi. Na ɗaure bututun a bencin aikina, na ɗauko injin huji, na ƙara wa ƙofofin faɗi da abin da bai kai kaurin farce ba. Mako guda ina yawo kamar wanda ya ƙirƙiro bindiga. Sai harsashin da na saba saye ya yanke a kasuwa, na sayi wani mai ɗan ƙarfi. Ƙarfen ciki ya riƙa komawa baya da fushi, yana dukan jikin bindigar har ina jin ƙarar a haƙorina. Kafin wata ya ƙare wani abu ya tsage a ciki.

Na shigo gida da ita a hannu. Mahaifiyarki tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "To, Injiniya, sai ka koma ka lissafa yadda za ka mayar da ƙarfen da ka ƙwaƙule."

Ba a mayarwa. Wata biyar ina jiran sabon bututu ya iso. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, da na sake tunani a natse, na tuna cewa sa'ad da na sa bakin injin a ƙofa ta biyu, abin da ya fara fitowa baƙar toka ce, ba ƙarfe ba. Toshewa ta yi. 'Yar waya da ɗigon kananzir sun isa. Na ga tokar da idona, amma na riga na yi shafi uku, ban yarda su tafi a banza ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Duk gyaran da ba za ki iya warwarewa ba, kada ki yi shi, kuma kada ki bari a yi miki. A filin da kike za ki haɗu da masu ba da shawara, kowa da dabararsa: wannan ya ce a goge kunama ta yi laushi, wancan ya ce a datse sifirin. Ki gode musu, ki ce za ki yi tunani. Idan ta ƙi tofarwa, ki fara da tsabta, sannan ki duba ko sifirin ya gaji, sannan ki gwada wani harsashin. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, ki harba, ki gani, kafin ki taɓa na gaba. Wanda ya canja abu biyu rana ɗaya, ko ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba. Kuma irin harsashin da kika yi atisaye da shi, da shi za ki shiga gwaji. Ki tanade shi tun yanzu.

Akwai kuma shekara biyu da na ɓata, waɗanda nake jin kunyar su fiye da bututun. Farantin da ya yi dama ina fasa shi. Wanda ya yi hagu kuwa, rabinsu suna tsira. Na canja ɗan bututun da ake ɗaurawa a baki don matse ƙwayoyin dalma, na sa mai matsi, na sa mai saki, na koma mai matsi. Na ƙara wa ƙota tsawo, na rage. Na cika littafi guda da zane-zane. Ban taɓa tsammanin matsalar ba ta cikin abin da sukurdireba ke kwancewa ba.

Wata rana a Zighan, muna shan shayi a gindin dabino bayan na sake zubar da harsashi a banza, Malam Idi ya ce, "Injiniya, tashi ka nuna min kan dabinon can da yatsa. Ido biyu buɗe."

Na ce, "Malam Idi, ni ba yaro ba ne."

Ya ce, "Na sani. Yaro da tuni ya nuna."

Na tashi na nuna. Ya ce in rufe idon dama. Yatsa yana nan kan dabino. Ya ce in buɗe, in rufe na hagu. Yatsa ya yi tsalle ya bar dabinon gaba ɗaya.

Ya ce, "To ka gani. Idonka na hagu shi ne maigida, kai kuwa kana aza bindiga dama. Ɗaya shina kallo, ɗaya shina harbi, ba su gaisawa."

Na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ce wurin tsohonsa, da baka da kibiya. Ya ƙara da cewa, "Mu da ba mu yi lakwal ba, ba mu san boko ba, ido muka karanta." Na tambaye shi tun yaushe ya lura. Ya ce tun bara. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Na hwaɗi sau biyu. Kana rubutu."

Mako guda ina gardama da shi a zuciyata. Daga baya na manna ɗan ƙaramin salatif a gilashin tabarauna na hagu, daidai inda ido ke leƙen bakin bindiga. Farantin hagu ya fara fashewa kamar an roƙe shi.

Wanda ke tsaye a bayanki yana ganin abin da ba ki gani. Mai horar da ku, da mai ɗura injin, da wadda ke harbi kusa da ke, har wanda ke share kwanko, duk suna kallonki daga inda ke ba za ki taɓa tsayawa ba. Idan ɗayansu ya ce miki kin ɗaga kai daga ƙota, kada ki tambayi takardar shaidarsa. Ki rufe littafi ki saurara.

Tun da na ambaci maƙwabciyar harbi, ga wata ƙarama. Irin bindigarmu tana jifa da kwanko dama, kuma a layin gasa akwai mutum a damarki. Na taɓa yi wa wani dattijo tabo a ƙotar bindigarsa ta itace mai tsada, wadda yake shafawa kamar jariri, bai sake amsa sallamata da fara'a ba har ya bar garin. Kada ki shiga layi sai da abin tare kwanko. Idan ya ɓata, robar ɗaure kaya mai kauri ta wadatar.

Yanzu ga wanda ko mahaifiyarki ba ta sani ba sai shekaranjiya.

Kina aji biyu na firamare lokacin. Mun gama atisaye a Zighan, rana ta take, an kusa Azahar. Na ja ƙarfen ciki baya, harsashin da ke ɗaki, a gindin bututu, ya faɗo, na sa a aljihu. Ban duba rumbun ƙasa ba, inda na biyu ke kwanciya, domin na ƙidaya a kaina, kuma ni ba na kuskuren ƙidaya. Na saki ƙarfen ya koma gaba. Ina da wata ɗabi'a a lokacin ta danna kunama kafin in ajiye, wai don sifirin ya huta. Na danna.

Tankin ruwan gona yana kamar taku goma sha biyar daga inda nake. Malam Idi ya gama alwala a gindinsa, ya ɗauki butarsa, ya yi taku uku ko huɗu. Ƙwayoyin suka shiga tankin daidai inda bayansa yake a sunkuye. Ruwa ya riƙa tsartuwa ta ƙofofi da yawa, yana zuba kan sawun ƙafarsa.

Na kasa motsi. Ya juyo ya dubi tankin, ya dube ni. Sannan ya ajiye butar, ya zo ya karɓi bindigar daga hannuna, ya buɗe ta, ya leƙa, ya sa yatsa sama da ƙasa, ya jingine ta. Ya ce, "Injiniya, zo mu yi salla. Yau kai ka da abin godiya, ni ma haka."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Bai taɓa yi mini gori da shi ba, shi da ke yi mini gorin miya har gobe. Duk lokacin da na gan shi yana wasa da jikokinsa sai in gode wa Allah da Ya yi mini sutura da taku huɗu.

Kin sha jin haushin yadda nake tsayar da ke in ce ki sake dubawa bayan kin duba. Ga asalinsa. Mai baki biyu idan an karya ta kowa ya ga cikinta. Tamu tana ɓoye abin da ta haɗiye. Ki duba ɗaki, ki duba rumbu, da ido sannan da yatsa. Ƙarfen ciki ya zauna a buɗe muddin ba a kan layi kike ba. Kada ki yarda da ƙidayarki, kada ki yarda da ta wanda ya miƙo miki, ko da ni ne. Kuma mu mutanen Sabha mun ji ƙarar bindiga wadda ba ta wasa ba, fiye da yadda muke so. Don haka takardun izininki su kasance a jikinki, in kun zo bawwaba, shingen bincike, ki riga jami'i faɗin abin da ke cikin jaka, kuma kada ki taɓa ɗaukar hoto da ita don burgewa. Kayan wasanki ce, amma ita ba ta san haka ba.

To, bayan duk wannan, kina iya tsammani tsoho ya yi hankali. Ni ma haka na zata.

Ranar da kika fara cewa in ba ki ki gwada, kina shekarar farko a jami'a, na ba ki ne don ki ji dukan kafaɗa ki ƙyale ni. Kika fasa uku cikin biyar. Malam Idi ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Injiniya, wagga ba ta gado ka ba, Alhamdu lillahi." Ban taɓa samun Juma'a mai daɗin waɗanda muka yi tare tun daga ranar ba. Ni da na zaci bindigar za ta tsufa a bayan ƙofa tare da ni, sai ga shi Allah Ya ba ni abokiyar fira a cikin gidana.

Da kika ce za ki daidaita ƙotar da jikinki, kin yi shi yadda ya kamata, yadda ni ban taɓa yi ba. Mako uku kina kafa takarda a mita talatin da biyar, kina harbi, kina canja washa ɗaya, kina sake harbi. Kika tsaya a kan wadda ke ɗaga ƙotar sama kaɗan. Na duba takardun na ga ƙwayoyin sun taru sama da alamar tsakiya, na ce ba daidai ba ne.

Kika ce, "Baba, takarda ce ke tsaye. Faranti tashi yake yi. Ina so in gan shi zaune a kan bakin bindiga lokacin da nake harbi, ba in rufe shi ba."

Na ce littafin kamfani ya nuna wadda ta dace da yawancin mutane.

Kika ce, "Baba, littafin kamfani bai taɓa ganin fuskata ba."

Na yi shiru, kika ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Na ji zafin cewa kin yi gaskiya a gaban Malam Idi, na kuma gaya wa kaina cewa a Tarabulus, gaban manyan masu harbi, za a ga ƙotarki a ce wane ne ya koya wa yarinyar nan. Ki lura da kyau: ba faɗuwarki na ji tsoro ba, sunana na ji wa. Na kira shi kulawa, na ɗauki sukurdireba.

Shekaranjiya da mahaifiyarki ta gama ba ni labarin wayarki, na shiga ɗakin aiki na fito da takardunki tara na ƙarshe, na shimfiɗa su a ƙasa, na bi su da ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Dukansu tara, tsakiyar ƙwayoyin tana wuri guda, kamar tafin hannu sama da alama, ba dama ba hagu. Kuskure ba ya maimaita kansa sau tara a wuri ɗaya. Wannan nufi ne. Wuyanki ya fi nawa tsawo, ƙashin kuncinki ya fi nawa tudu, kin ɗaga ƙotar ta zo ta sami idonki. Ni kuwa na sauke ta, idonki ya nutse a bayan ƙarfe, kike harbi ƙarƙashin faranti kwana goma kina zargin kanki.

Na fito na gaya wa mahaifiyarki, har da zancen tanki, tun da bakin ya riga ya buɗe. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Shekara talatin da shida ina kallonka kana gyara abin da bai lalace ba. Agogo, rediyo, murhuna. Ban taɓa zaton za ka kai ga yarinyar ba." Na ce ta kira ki ta faɗa miki. Ta ce, "Da hannuna aka kwance? Ba ni za ka gaya wa ba, Alhaji."

Ga gyaran, ko da yake kin fi ni saninsa. Ki tabbatar babu komai a cikinta. Ki kwance robar kafaɗa, ki kwance notin da ke can cikin ƙota, ki zare ta a hankali. Ki cire tawa, ki saka taki, gefen da kika yi wa alama da ƙusa yana kallon sama. Ki ɗaure har ta kama, kada ki yi mata ƙarfi itacen ya tsage. Ban taɓa komai ba bayan wannan, Allah ne shaidata. Ki sani kuma kwana goman nan jikinki ya riƙa neman hanyar rama abin da ya ɓace, wataƙila kin fara ɗaga kai ba ki sani ba. Don haka idan kwana biyun farko ba su yi kyau ba, kada hankalinki ya tashi. Ki manna kunci, ki bar hannu ya tuna. Mako uku ya isa, da sauran canji.

Ki gaya wa mai horar da ku gaskiyar abin da ya faru, domin ya san da wace ce yake aiki. Kada ki rufa mini asiri da sunanki. Ki ce masa tsohonki ne, injiniya ne mai ritaya, hannunsa ba ya zama.

Uwata, a gidan da na tashi uba ba ya neman gafarar 'yarsa. Ni ina nema. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, wanda ko furta shi ba na yi, kuma da ita ce na yi wa haka, da durƙusawa zan yi. Ki yafe mini kwana goman da kika yi kina zaton Allah Ya karɓe abin da Ya ba ki. Idan kin ci gwajin, da hannunki kika ci. Idan ba ki ci ba, ina so ya zama da bindigar da ke kika daidaita, ba wadda na daidaita wa tsorona ba.

Na gode wa Allah da Ya ba ni aboki mai gaya mini gaskiya yana dariya, da mata mai gaya mini ita ba ta dariya, da 'ya wadda ta gaya mini ita cikin ladabi ban ji ba. Mutum irina bai cancanci ko ɗaya ba, aka ba shi uku.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya daidaita idonki da hannunki, Ya sanyaya zuciyarki ranar da za a kira sunanki a layi. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya nisanta ki da gaggawa, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya kamata ki dawo, ba kafinsa ba. Mahaifiyarki tana gaishe ki, Malam Idi ya ce dabinon bana yana jiranki.

Idan kin ɗaura washar, ki kafa takarda ki harba sau uku, ki duba da idonki. Ba sai kin aiko mini in auna ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bashir